Kabarin da Muka Haƙa wa Baba Likita

Gangaren Tudu, Keffi,
7 ga Agusta, 1995.

Zuwa ga ƙawata Paulina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar? Angela, 'yar ƙanen Baba da ke zaune da shi, ta ce mini har yanzu ba a cire miki filasta ba, ko ƙofar ɗaki sai an tallafe ki. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai wannan rashi da ya same mu gaba ɗaya. Ya haƙuri? Ban san wa zai yi wa wani gaisuwa ba tsakanina da ke. Ke kika rasa uba, amma ni ma tun ranar Alhamis abinci ba ya wuce mini.

Na san an buga miki waya, sai dai a waya ba a faɗin yadda abu ya faru. Baba bai sha wahala ba. Ya sha shayinsa da safe, ya zauna a baranda yana amsa gaisuwar masu wucewa kasuwa, har ya tsayar da wani mai tura baro ya yi masa faɗa don ya gan shi yana buɗe kwalbar lemo da haƙori. Angela ta shiga ɗauko masa magani, ta dawo ta tarar kansa ya langaɓe. Shekara tamanin da ɗoriya, kuma aikinsa na ƙarshe a duniya faɗa ne a kan haƙori. Ke ma kin san haka zai so.

Yanzu ki gyara zama, don mazan unguwarmu sun yi abin da ban san ko dariya za ki yi masa ko kuka ba. Ni dai duka biyun na yi. Labari na bazuwa sai ga Kawu Dabo, ƙanen Innata, ya fito da diga a kafaɗa. Kin san shi, duk tsufansa in aka yi rasuwa a unguwa shi ne na farko a wurin haƙa. Bai tambayi kowa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi. Maigidana Husaini da sauran maza suka bi bayansa da shebur. Mu in mutum ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi, kuma maƙwabta ne ke haƙa masa, ba a hayar kowa. Suka zarce ƙarshen lambun Baba, inda ya haɗa katanga da maƙabartarmu, wadda shi Baban ne ya yanka mana rabin lambun muka ƙara mata lokacin da ta cika. Kawu ya ce nan ya dace, a cikin filinsa, kuma kusa da mutanen da ya yi zama da su. Suka yi ta haƙa har rana ta take.

Da suka gama sai suka nufo gidanku, jikinsu duk laka, Kawu ya yi sallama ya ce a gaya wa masu gida an kammala, yaushe za a fito da shi. Angela ta tsaya tana kallonsu baki buɗe. Ashe tun suna can mutanen coci sun zo da mota sun kai Baba mutuware, kuma ba za a yi jana'iza ba sai wanki Yaya Malachi ya zo daga Legas, dangi sun taru an tsayar da rana, wataƙila ƙarshen wata. Shekara talatin da wani abu muna bango ɗaya da ku, muna cin shinkafarku ta Kirsimeti, amma babu namiji ɗaya a cikinsu da ya tuna cewa ku ba a ranar kuke binnewa ba. Ba shi ke nan ba. Fasto ya je ya duba, ya dawo yana danne dariya da hankici. Irin namu suka haƙa, da ɗan siririn rami a tsakiya daidai kwanciyar mutum a kan gefensa, fuska gabas. Akwatin gawa ko a karkace ba zai shiga ba. Na tambayi Husaini ina hankalinsu ya tafi, ya ce shi wallahi bai tuna cewa Baba Kirista ne ba sai da ya ga Fasto.

To ga kabari a buɗe, ga damina. Ina roƙonki ki yi wa Yaya Malachi bayani kafin ya ji a bakin wani, kada ya ɗauka gaggawa muke yi da mahaifinsa. Gyaran rami ba wuya, a ba su awo su faɗaɗa. Abin da muke so shi ne a bar mana Baba a Keffi.

Tun ranar nake ta tuna zuwanku garin nan. Kin tuna ranar samun 'yancin kai a filin makaranta? An raba mana tuta da kofi, muna maci, na yi tuntuɓe na kifa a kan kofin, leɓena ya tsage, jini har kan farar rigata. Malamai suna ta salati, sai wata baƙuwar yarinya mai takalmi sau-ciki, wadda ba ta daɗe da shigowa ajinmu ba, ta kama hannuna ta ja ni da gudu tana cewa babanta zai gyara. Mu a lokacin ba mu san akwai likitan da aikinsa baki da muƙamuƙi kaɗai ba. Ciwon haƙori sai wanzami ko haƙuri. Muka tarar kayanku ma ba a gama kwancewa ba. Mahaifiyarki Mama Susana ta sauke tukunyar miyarta daga murhu aka ɗora kayan aikinsa suka tafasa. Ya ɗinke ni a kan kujerar cin abinci, yana tambayata da Hausarsa ta Madawa, ƙabilarku, ko Turawa ne suka ture ni a kan hanyarsu ta fita. Innata ta shigo a guje tana cewa kada wanda ya taɓa mata 'ya, ta tarar an gama ina shan shayi ta gefen baki. Tabon yana nan, amma sai na nuna wa mutum yake gani.

Zan ba direban motar Kaduna takardar nan gobe da safe. Ki gaida maigidan da yara, Husaini ma yana yi muku gaisuwa, yana kuma jin kunyarki.

Taki har kullum,
Zulaihatu.

Gangaren Tudu, Keffi,
18 ga Agusta, 1995.

Ƙawata Paulina,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidan, da Godfrey da ƙannensa. Ya ƙarin haƙuri, ya kuma ƙafa? Takardarki ta iso, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na ji daɗi da kika ce kin yi dariya har ƙafar ta motsa, don na san rabonki da dariya tun rasuwar. Amma sauran maganar ba ta yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Wato Yaya Malachi cewa ya yi wa ya aike mu. Ya ce haƙa wa mutum kabari ba da sanin 'ya'yansa ba cin fuska ne, kuma dangi a ƙauye suna cewa so muke mu musuluntar da gawa, saboda haka ƙauye za a kai shi. Paulina, wannan ta yi mini zafi. Mutumin da ya yi shekaru yana wucewa ta gaban masallacinmu da Littafinsa a hammata ana gaishe shi, sai da ya mutu za mu sauya masa addini? Hannu ne ya yi abin da ya saba. Ki tuna wa Yaya, in ya manta, cewa Kawun da yake zargi shi ya koya masa hawan keke. Legas ta cika masa kai. Wannan ta ƙarshen kada ki gaya masa.

Ban sanar da Kawu ba tukuna, don ban da ƙarfin halin. Sun rufe ramin da langa-langa, sun danne da duwatsu, sun yi masa magudana. Duk da haka ruwan ranar Talata ya shiga, sai da suka kwashe da bokiti. Kawu kuwa ya mai da wurin ofis, gari na wayewa zai ɗauki tabarmarsa ya tafi, har tari ya kama shi. Abin mamaki, mutane sun fara bin sa can. Wanda ya zo gaisuwa gidanku ya tarar da Angela ita kaɗai sai ya zarce lambu, a zauna ana hira a bakin kabarin da ba kowa a cikinsa. Tun da lambu ne ba maƙabarta ba, mu mata ma muna leƙawa da yamma.

Jiya wata tsohuwa ta zo daga Nasarawa da 'yarta, babbar mace mai goyo. Ta ce da tsagaggen leɓe ta haife ta, tana ɓoye ta a ɗaki, har aka gaya mata Likitan Keffi yana zuwa ranar kasuwa. Ta sa 'yar ta yi mana murmushi mu gani. Irin waɗannan ban san yawansu ba. Kin tuna yadda yake ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur, ya bi ƙauyuka, ya dawo ƙura har gira, da kaji da doya da aka ɗora masa dole, Mama Susana ta bi gida gida tana rabawa?

Shi kuwa Kawu labari ɗaya yake bayarwa, kuma duk wanda ya zauna sai ya ji shi. Shekarar da aka sauya hannun tuƙi, direban motar shanun da ya ɗauko su ya manta ya koma tsohon hannu a wata kwana kafin Garaku. Aka kawo Kawu haɓarsa ta koma gefe, muƙamuƙi ya karye gida biyu. Aka ce sai Kaduna, Baba ya ce hanya za ta ƙarasa shi. Ya yini a kansa, ya ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya. Dillalin shanu fa, mutumin da bakinsa ne jarinsa, aka rufe masa baki kusan wata biyu! Matarsa ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba. Baba da kansa ya yanko karan ganyen gwanda a lambu ya nuna yadda za a zura masa kunu ta gefen baki, kuma kullum da yamma sai ya shigo ya zauna ya yi ta ba shi labari, yana cewa yau dai Dabo zai saurari wani. Ranar da aka kwance wayar, muka taru mu ji godiyar da zai yi, sai ya ce duk kunun da aka ba shi ba sukari.

Ni kuma na Innata Hajo nake tunawa, Allah ya ji ƙanta. Lokacin da kuɗin mai suka shigo, kowa na tafiya Makka a jirgi, kowa na dawowa da haƙorin zinariya. Inna ta dawo da nata, tana dariya ko ba a ba da dariya ba. Ba a daɗe ba kumatunta ya kumbura, ido ya rufe, amma ta rantse gara ta mutu da a cire mata shaidar hajjinta, balle a hannun wanda ba ya salla. A gabansa ta faɗa, ni da ke muna tsaye, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ko gezau. Ya ce ladan hajji ba fanninsa ba ne, amma ruɓa fanninsa ce. Ya zare zinariyar, ya kwashe ruɓar, ya yi jinyar dasashin, ya ce ta zauna a ɗaki ta ce mura take yi, da ya warke ya mayar mata da abinta daram. Daga nan Hajiyoyin Keffi suka yi ta zuwa masa a ɓoye, kowacce tana zaton ita kaɗai ce.

A shekarun nan ne duk mai takarda ya tattara ya tafi Legas ko Kaduna. An kira shi ba sau ɗaya ba, da alkawarin gida da mota. Ya ce waɗancan garuruwa suna da likitoci, Keffi kuwa a fanninsa shi kaɗai gare ta. Mutumin da ya ƙi barinmu da ransa, ya za a ɗauke mana shi da ya mutu?

Sai dai akwai layi ɗaya a takardarki da na rasa amsarsa. Kin ce Mama Susana tana can ƙauye ita kaɗai, kuma an bar fili a gefenta. A asibitin Jos ta rasu, daga can aka wuce da ita, mu sai gaisuwa muka je, shi ya sa ban taɓa tunanin wannan ba. Ita ma uwata ce, kuma ni ma matar wani ce. Na san son kai nake yi, amma duk da haka ina roƙo. Ki sake yi masa magana.

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa cin abinci, kada ki ce ba na gani.

Ƙawarki,
Zulaihatu.

Gangaren Tudu, Keffi,
4 ga Satumba, 1995.

Paulina 'yar'uwata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, maigida da yara suna lafiya. Mun dawo lafiya. Na san Yaya zai buga miki waya, amma kin san maza, cewa zai yi an gama lafiya ya ajiye. Ni zan gaya miki, tun da ciwo ya hana ki gani da idonki. An binne Baba ranar Asabar a ƙauyenku, gefen Mama. Na fara da wannan don kada in ja miki rai. Ba mu samu an bar mana shi ba.

Yaya ya iso ranar Alhamis fuska a ɗaure, gaisuwata ma da ƙyar ya amsa. Ya ɗauki Fasto suka nufi lambu da niyyar ya sa a cike ramin, na bi su a baya. Ya tarar da Kawu a kan tabarma da mutane kewaye da shi, wasu ma ba 'yan garin nan ba ne. Ya ce a ɗaga langa-langar. Ramin a bushe, a share, gefunansa a gyare, ko ganye ɗaya babu a ciki, bayan duk ruwan da aka yi a watan Agusta. Ya daɗe yana kallo. Kawu ya miƙe da ƙyar yana tari, ya ba shi haƙuri, ya ce rashin sani ne ba raini ba, a ba su awo kafin magariba sun gyara.

Sai na ga Yaya ya cire tabarau, ya durƙusa ya gaida Kawu yadda yake yi yana yaro. Na ce a raina mun ci nasara. Ashe ba haka ba. Ya ce ya janye duk maganar da ya faɗa, amma ba zai iya barin Baba a nan ba, don ranar da aka binne Mama, Baba ya kira shi gefe ya nuna masa filin da sandarsa. Ban san ko ke kin san wannan ba. Ni dai maganar ta soke ni, har na ji haushin Baba na ɗan lokaci, ki yafe mini. Muƙamuƙin nan na Kawu ya yi ta motsi. Can ya ce to, ita Mama ta riga mu saninsa. Ya roƙi abu ɗaya, a bar mutanen Gangaren Tudu su je su haƙa, don shi bai taɓa zama yana kallo wani ya haƙa wa maƙwabcinsa ba.

Yaya ya amince. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya a gaban tarin ƙasar da suka fitar daga ramin, ya ce a zuba masa ita a buhuna a tafi da ita. Bayan sallar Juma'a mazan unguwa suka yi ta ɗurawa, 'yan kasuwar shanu suka ba da mota.

Danginku sun karɓe mu da sanyi-sanyi da farko, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da suka ga tsoho kamar Kawu ya tuɓe riga ya karɓi diga, samarinsu suka shigo aka riƙa yi ana karɓa-karɓa. Fasto ne ya riƙe igiyar awo, kuma wannan karon Kawu bai sara ko sau ɗaya ba sai ya dubi fuskarsa. Aka yi shi da faɗi, irin naku, daf da na Mama.

Paulina, ban taɓa tsayawa a bakin kabari ana binne mutum ba, ko na Innata, tun da mu mata ba ma zuwa. Matan ƙauyenku suka kama hannuna suka kai ni gaba. Aka yi waƙa da Madanci, aka yi da Hausa, aka saukar da akwatin. Yaya ya kwance buhun farko ya zuba da hannunsa, jar ƙasar lambun nan da muka yi wasa a kanta ni da ke. Sannan ya cika tafin hannuna ya ce in zuba, yau ni ce Paulina. Na zuba miki. Kukan da na yi a wurin na mutum biyu ne, kada ki ce ba a yi naki ba. Da ƙasar Keffi aka rufe shi har akwatin ya ɓace, sannan aka ɗora ta ƙauye a sama.

Jiya Lahadi maza suka koma lambu suka mayar da ɗan abin da ya rage a ramin. Bai cika ba, ya tsaya kamar zurfin gwiwa. Husaini ya ce a ɗebo ƙasa daga bakin rafi a daidaita wurin, Kawu ya hana. Ya ce a bar shi haka, duk wanda ya tambaya ina sauran ƙasar take, a gaya masa. Daga nan ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, yau bai fito ba.

In an cire filastar ki zo. Zan raka ki ƙauye ki gaida iyayenki, ke kuma ki raka ni lambu, don ni kaɗai ba na iya tsayawa a wurin.

Ki gaida maigidan da yara. Allah ya ba mu haƙuri.

Taki,
Zulaihatu.